Awa Goma Sha Takwas da Ban Gani Ba

Kafin in fara, gara in faɗi wani abu. Shekaru sun ɗan ja, kuma littafin aikina na wancan lokaci yana ofis, ba a dawo mini da shi ba. Saboda haka abin da zan rubuta daga ka yake fitowa. Mai yiwuwa in sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, ko in gabatar da abin da ya zo daga baya. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

Ɗaliban da ake turo mana koyon aiki duk shekara su ne dalilin wannan rubutu. Sukan shigo su ga mutum cikin farar riga yana juya ruwa daga wannan kwalba zuwa waccan, fanka tana kaɗawa, sai su ce ai wannan aikin hutu ne. Wata ma ce mini ta yi, "Malam Sabi'u, ai girki ne kawai, sai dai ba a ɗanɗanawa." Ban yi mata musu ba. Na dai ce mata ta jira ta ji labarin shekarar da girkin ya kusa raba ni da aikina.

Ina aiki a wani ƙaramin ɗakin binciken sinadarai da ke kudancin kogi, tsakanin Barnawa da Kakuri. Ni ba mai bincike ba ne. Ni ne mai kula da na'urori, mai awo, mai rubuta abin da aka yi a littafi. Masu kawo mana aiki iri-iri ne: masu ruwan leda da ke son a duba musu ruwa, matan da ke haɗa sabulu a gida, da ɗaliban da na'urar makarantarsu ta lalace. Kowa yana son sakamako yau, kowa kuma yana son ya fito yadda yake fata.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wanke kwalba guda ɗaya mai dogon wuya. Na zo da digirina sabo fil daga gidanmu a Unguwar Sanusi, na tarar da wani dattijo mai suna Baba Dogara, mutumin kudancin jiha, wanda ya shekara da shekaru a sashen rini na wata masaƙa kafin a rufe ta. Bai yi jami'a ba. Ya miƙo mini kwalbar, na wanke, na kawo. Ya ɗaga ta sama wajen taga, ya zuba ruwa ya juye, ya nuna mini ɗigo-ɗigon da suka maƙale a jikinta.

"Garajuwet, wannan ka wanke ko ka yi mata alwala?"

"Baba, ai da sabulu na wanke."

"Kwalba mai tsabta ruwa ba ya tsayawa a jikinta, shimfiɗewa yake ya sauka. Koma."

Sau huɗu na koma, ko biyar. A hannunsa na koyi cewa ba a auna abu mai zafi a kan sikeli, ba a rubuta lamba a tafin hannu da niyyar a kwafe daga baya, kuma ba a yarda da na'urar da ba a gwada ta da safe ba. Garajuwet yake ce mini har ya bar aiki. Shi ne mai zuwa kafin kowa, shi ne mai tafiya bayan kowa, makullan gini duk a aljihunsa suke.

Babban aikin da nake son in ba da labarinsa na Dakta Asabe ne, shugabar sashenmu. Zan yi ƙoƙarin bayyana shi a sauƙaƙe, masana su yi mini uzuri. Akwai sinadaran da ke zuwa iri biyu, kamar hannun dama da na hagu: yatsu ɗaya, tsawo ɗaya, amma safar wannan ba ta shiga wancan. A harkar magani wannan ba ƙaramin abu ba ne, don sau da yawa ɗaya ne ke warkarwa, ɗayan ko dai ba ya komai ko ya yi illa. In ka haɗa irin wannan sinadari a kwalba haka kawai, rabi da rabi yake fitowa. Kafin ya karkata zuwa hannun da kake so, sai ka sa masa abin da muke kira katalis. Katalis kamar dillali yake: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya yi sauri, shi kuma ya tashi ya tafi wani cinikin. Wanda aka saba amfani da shi daga ƙarafa masu tsada ake yin sa, daga waje ake kawowa, kuma zubar da ragowarsa matsala ce.

Tunanin Dakta shi ne a yi katalis ɗin daga tsamiya. Tsamin da ke cikin tsamiya mai hannu ɗaya ne tun daga bishiya, haka Allah ya halicce shi. In aka dafa shi cikin matsi da zafi, yakan dunƙule ya zama ƙananan ɗigon kabon, wato sinadarin gawayi, waɗanda ido ba ya gani, madubin ƙara girma na makaranta ma ba ya gani. Fatan shi ne ɗigon ya gaji hannun uwarsa, ya kuma koya wa duk abin da ya haɗa. Ba mu muka fara irin wannan tunani a duniya ba, amma da tsamiyar kasuwa, iya sanina, ba mu ji wani kusa da mu yana yi ba.

Ga yadda nake yin dahuwa ɗaya. In jiƙa tsamiya, in tace, in fitar da tsamin har ya zama farin gari. In auna shi da wani sinadari mai arha, in narkar, in zuba a wata tukunyar ƙarfe mai kauri, girman gwangwanin madara, mai farar roba a ciki da murfi mai zare. A littattafai bam ake ce wa tukunyar nan, amma Baba ya hana. "Kada in ƙara jin kalmar nan. Wata rana za ka manta ka ce a cikin keke ka bar shi a wuta, mu je belinka." Sai muka koma ce mata tulu. Bayan na dawo daga sallar azahar, ƙarfe biyu daidai, in sa tulu a obin, wato tanderun lantarki, in murɗa zuwa digiri ɗari da tamanin. In tashi aiki ƙarfe huɗu. Washegari ƙarfe takwas in zo in tarar allurar obin tana kan ɗari da tamanin, in kashe, in jira ya huce. A littafi in rubuta: awa goma sha takwas a ɗari da tamanin. Zancen ɗauke wuta bai dame mu ba, don muna kan layin masana'antu, ga kuma injin wuta da ke tashi da kansa.

Abin da ke fitowa ruwa ne mai launin zuma. In ka haska shi da fitilar nan irin ta duba jabun kuɗi, sai ya yi shuɗin ƙyalli. Mu zuba shi a wata siririyar jaka mai kama da hanjin rago, mu nutsa cikin ruwa kwana biyu don ragowar tsami ya fice. Sannan mu sa shi a haɗin gwaji, mu ɗauki abin da ya fito mu kai folarimita, na'urar da ke nuna ko sinadari yana juya haske dama ko hagu. In rabi da rabi ne, sifili za ta nuna.

Ba ta nuna sifili ba. Karkatar ba ta da yawa, amma a fili take, kuma duk dahuwa sai ta dawo. Dakta ta aika samfuri wani gari inda ake da na'urar da ta fi tamu, suka tabbatar. Ta rubuta takarda, aka buga a mujalla, sunana na uku a jeri. Hanyar dahuwar da ke cikin takardar daga littafina aka kwafe ta, kalma da kalma.

Baba ya yi ritaya bayan fitowar takardar da 'yan watanni. Aka yi masa liyafa da shinkafa da lemo, aka ba shi agogon bango, ya miƙa mini makullai, ya koma gidansa a Gonin Gora.

Dahuwar farko bayan tafiyarsa ita ce ba na mantawa. Na kwance murfin tulu, sai wari ya buge ni kamar an ƙona sukari. Ruwan ya fito baƙi ƙirin, da gudaji a ƙasa. Na ɗauka kuskuren awo na yi. Na sake, ya sake fitowa baƙi. Yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, amma da muka sa shi a haɗi muka kai folarimita, sifili. Na goge gilashin na'urar, na gwada ta da ruwan sukari don in ga ko ta mutu. Lafiyarta lau. Na mayar da namu, sifili.

Wannan ita ce mummunar shekarar. Mun zargi tsamiya, na koma wajen matar da na saba saye a kasuwa na yi ta tambayarta daga wane gari aka kawo, har ta ce, "Malam, kunu za ka dama ko aure za ka nema mata?" Na sayo ta bara, na sayo sabuwa. Mun zargi ruwa. Mun zargi robar cikin tulu, aka sayo wata. Na kawo mai gyara ya duba obin, ya ce zafinsa daidai yake. Duk abin da na canza, baƙi yake fitowa.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo daga wasu masu bincike a wata jami'a. Sun bi hanyarmu sau da yawa, in ji su, baƙin ruwa suke samu, ba ya karkata ko'ina. Cikin ladabi suka rubuta, amma sun aika wa mujallar kwafi. Mujalla ta tambayi hukumarmu, hukuma ta kafa kwamiti, kwamiti ya karɓe littafina.

Dakta ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa.

"Sabi'u, dube ni. Lambobin nan na folarimita, ka gan su da idonka?"

"Wallahi na gani, Dakta. Ke ma ai kin leƙa sau da yawa."

"Na leƙa abin da ka sa a ciki. Ban ga lokacin da ka zuba ba."

Ta ce ba ita ke zargi ba, amma a kwamiti akwai mai cewa ɗigon ruwan sukari kaɗan ya isa ya juya haske, kuma hannu ɗaya ne ya yi dahuwa, ya yi awo, ya cika kwalaben da aka aika waje, ya rubuta littafi. In ba a samu bayani ba kafin zamansu na gaba, za a rubuta cewa ƙirƙira na yi. Wanda aka kora da wannan laifi, babu ɗakin gwajin da zai ƙara ba shi ko tsintsiya. Mako uku suka rage, in ban manta ba.

Ranar wata Asabar da hantsi na hau mota zuwa Gonin Gora. Ba wani babban tunani ya kai ni ba. Abu ɗaya ne ya rage ban bincika ba, wato yadda Baba ke wanke tulu, ko yana da wani sabulu nasa. Na same shi a bakin titi, ƙarƙashin rumfa, yana taya matarsa jera doya, tireloli suna wucewa.

"A'a, Garajuwet! Ka rame. Madam ta hana ku albashi ne?"

Muka gaisa, na tambayi iyali, ya sa aka kawo mini ruwa. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce sabulun da kowa ke amfani da shi ne, ba wani asiri. Ya kalli titi, sannan ya ce, kamar wanda ya tuna da wani ƙaramin abu:

"To yanzu wa ke kashe muku wuta da yamma?"

"Wace wuta, Baba?"

"Ta manyan injuna mana. Makunnin da ke bayan gini, cikin akwatin ƙarfe. Ƙaramin makulli mai jan zare, yana cikin waɗanda na ba ka."

Na san makullin. Ban taɓa sanin abin da yake buɗewa ba.

"Baba, kashewa kake yi?"

"Kullum. Ƙarfe biyar in kashe, shida da rabi na safe in kunna. Firij da fitilu layinsu daban, ba na taɓa su."

"Har ranar da tulu ke cikin obin?"

"Musamman ma ranar. Kai, yaro, a masaƙa na ga abin da hita ɗaya da aka bari a kunne ta yi wa sito guda. Da hannuna na ja mutum daga ciki. Tun ranar na yi alkawari abu mai zafi ba zai kwana da rai a ginin da makullinsa ke hannuna ba."

Ina riƙe da kofin ruwa, ban san lokacin da na ajiye shi ba. Na fara lissafi da yatsu a gabansa. Daga biyu zuwa biyar, awa uku. Daga nan tulu ya yi ta hucewa a hankali cikin rufaffen obin. Da safe ya sake ɗaukar zafi na awa ɗaya da wani abu, daidai yadda zan zo in tarar da allura a inda na bar ta. Ba a taɓa yin awa goma sha takwas ba, ko sau ɗaya, sai bayan tafiyarsa. Kuma da aka yi, zafin ya cinye hannun da muke nema. Mutanen da suka rubuto wasiƙa gaskiyarsu ne. Su ne suka bi abin da na rubuta. Mu ne ba mu taɓa bi ba.

"Innalillahi," na ce. "Baba, shekara biyu!"

"Ai na faɗa maka."

"Yaushe?"

"Makonka na farko. Ina zagayawa da kai ina nuna maka gini, na ce ga inda nake kashe wuta. Kana ta rubuce-rubuce a ɗan littafinka."

Na ce ban tuna ba. Ya ce shi ya tuna.

Ranar Litinin na sa tulu ƙarfe biyu, na zauna har biyar, na zagaya bayan gini na buɗe akwatin. Gizo-gizo ya yi saƙa a kan makunnin. Na ja shi ƙasa. Washegari na zo shida da rabi na mayar. Da na kwance murfi a gaban Dakta, ruwan ya fito launin zuma. Ta dafa tebur, ta ce, "Yesu Almasihu," ta zauna a kan kujerar awo, wadda ita da kanta ta hana kowa zama a kai. Bayan ya yi kwana biyunsa a jaka, wannan karon ita ta yi haɗin, ita ta zuba a folarimita, ni ina tsaye nesa da hannuwa a baya. Na'ura ta karkata.

Dole in yi taka-tsantsan a nan, kada a ce na ce abin da ban ce ba. Karkatar ta dawo, amma ba kowane lokaci take kai ta da ba. Kuma da muka tsawaita zaman jakar nan cikin ruwa daga kwana biyu zuwa biyar, sai ta ragu. Wannan yana iya nufin cewa wani kaso na aikin ba ɗigon kabon ke yi ba, ragowar tsamin da bai gama dahuwa ba ne. Wani kason kuma, a ganina, na ɗigon ne, don bai ɓace duka ba. Nawa ne na wane, har yau ana kan dubawa, kuma ban isa in yanke ba.

Baba ya zo zaman kwamiti cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci. Ya faɗi abin da ya faɗa mini, bai ƙara ba bai rage ba. Wani farfesa ya ce masa, "Ka san ka lalata binciken shekara biyu?" Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, da na bari a kunne, da ba ku samu abin da za ku buga ba tun farko." Wani ya yi dariya, shugaban zama ya buga tebur. Sai aka juyo kaina. Shugaban ya buɗe littafina, ya sa yatsa a kan layi.

"Wannan rubutunka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Awa goma sha takwas. A cikinsu nawa ka gani?"

"Biyu na farko, da 'yan mintoci na ƙarshe."

"Sauran fa?"

"Zato na yi."

"To me ya sa ba ka rubuta zato ba?"

Kwamiti ya wanke ni daga ƙirƙirar sakamako. Ya rubuta cewa na shigar da abin da ban tabbatar ba a matsayin abin da ya faru, amma ba da sani ba, tunda babu shaidar an taɓa sanar da ni zancen makunnin. Baba bai ambaci makon farko a gabansu ba, ni ma ban ambata ba. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka jinkirta mini ƙarin girma, aka bar ni a aikina. Dakta ta janye takardar da hannunta. Yanzu akwai wata 'yar na'ura da ke kwana cikin obin tana rubuta zafi minti bayan minti, kuma a littafina shafi biyu nake ja: abin da na gani, da abin da na ɗauka.

Wannan shi ne iyakar abin da na riƙe. Waɗanda suka yi aiki tare da mu a lokacin suna nan da ransu, wasu a Barnawa, wasu sun koma wasu garuruwa. Duk wanda ya ga na kauce a wani wuri, ya rubuto ta hannun masu mujallar nan da kuke karantawa, zan karɓi gyara da godiya. Amma akwai abu ɗaya da nake roƙo musamman. Ranar da Baba ya zagaya da ni, ba mu biyu ba ne, akwai ma'aikata biyu ko uku da aka ɗauka tare da ni. Idan a cikinku akwai wanda ya ji shi ya ce ga inda yake kashe wuta, don Allah ya faɗa mini, kada ya ji nauyina. In ya tabbata ya faɗa, to kalmar nan "ba da sani ba" da ke cikin fayil ɗina ba daidai take ba, kuma ni zan kai wa ofis gyaran da kaina.